Agogon shiga ruwa na mata: yadda za ki zaɓi wanda zai jure kogi, teku da alwala

Agogo uku ruwa ya ci mini kafin in yi hankali. Na farkon na cikin lefena ne, mai ruwan gwal da duwatsu kewaye da fuskarsa, alwala kaɗai ta gama da shi cikin wata biyu. Na biyu da kuɗina na saya, bayan mai shago ya juya mini bayansa ya nuna rubutun 30M, wato mita 30, ya ce, “Hajiya, wanga ko Kwara kika faɗa da shi, ruwa ba ya shiga.” Ban faɗa kogin Kwara ba. Igiyar ruwa ce ta daki gefen jirginmu muna tsallakawa daga Yelwa zuwa wani ƙauyen tsibiri aikin rigakafi, ta jiƙa ni har gwiwar hannu, washegari na tashi na ga hazo ya kwanta a ƙarƙashin gilashi. Na ukun kuwa mai kyau ne na gaske, mai canjin batir ne ya kashe shi. Zan zo kan wannan.

Mu a Kebbi ruwa ba baƙonmu ba ne. Akwai malaman asibiti da malaman makaranta mata da kullum sai sun hau jirgi a Yawuri da Ngaski, akwai masu sarin kifi, akwai masu gonar shinkafa da ke wuni hannu cikin laka a fadama. Ga kuma 'yan matanmu da karatu ko aiki ya kai Legas, ko Jidda, ko Masar, suka fara koyon nutso da tukunyar iska. Duk agogo iri ɗaya ne zai yi musu, in an iya zaɓe.

Mataki na farko: wane ruwa za ki shiga?

Ki amsa wa kanki wannan da gaskiya kafin ki taka ƙafa kasuwa. Idan iyakarki alwala, wanke-wanke da ruwan sama, buƙatarki kaɗan ce. Idan kina hawa jirgi ko kwalekwale, ko kina iyo, kin shiga aji na biyu, don wanda ke kan ruwa bai san ranar da zai tsinci kansa a ciki ba. Idan kuma nutso za ki yi da tukunyar iska a baya, to nan babu wasa.

Mataki na biyu: karanta rubutun, amma ki san abin da yake nufi

A nan ake cin kuɗin mutane. Lambar da ke jikin agogo ba alkawari ba ce cewa za ki iya nutsewa zurfin nan da shi. Gwaji ne da aka yi a masana'anta, agogon yana sabo fil, yana ajiye wuri ɗaya, aka matsa masa ruwa daidai nauyin wannan zurfin. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyin da ake kira bar ɗaya, shi ya sa za ki ga wani an rubuta 3 BAR ko 3 ATM, wani 30M, duk abu ɗaya ne. To amma agogon da ke hannunki ba sabo yake zama ba. Rana na gasa shi, sabulu na taɓa shi, yana buguwa da gefen jirgi.

Don haka kamfanonin da kansu, a 'yar takardar da ba mai karantawa, suke rage buri. Mai 30M na yayyafi ne da wanke hannu, ba na dulmiyawa ba. Mai 50M ya ɗan fi shi, amma ni ba zan shiga kogi da shi ba. Daga 100M ne ake fara maganar iyo da hawa jirgi hankali kwance. Mai 200M shi ne na nutso. Wanda aka rubuta WATER RESISTANT kawai ba lamba, ki ɗauke shi kamar mai 30M. Shahararren ƙaramin baƙin Casio ɗin nan F-91W da ke hannun kowa, ajinsa ke nan a takarda, duk da tauri irin nasa. Wanda kuma aka buga masa WATERPROOF da manyan baƙaƙe ki ƙara sa masa ido, don ƙa'idar masu ƙera agogo ta duniya ba ta yarda da wannan kalmar ba, tunda babu agogon da ruwa ba zai iya shiga ba har abada.

Kalma ɗaya ce ke raba agogon nutso na ainihi da mai kama da shi: DIVER'S, sai lamba ta biyo, kamar DIVER'S 200m. Mai wannan rubutu yana cewa ya cika ƙa'idar ISO 6425. A ƙarƙashinta, agogo ba ya cin sunan na nutso sai ya kai mita 100 aƙalla, kuma ana gwada kowane guda ɗaya da nauyin da ya zarce abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin ɗari. Wato mai 200m ya sha matsin mita 250 kafin ya bar masana'anta. Dole a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, dole a ga alamar cewa yana tafiya ko a duhun, dole ya jure ruwan gishiri da bugu da maganaɗisu. Sauran agogunan da ke hana ruwa wata ƙa'idar suke bi, ISO 22810, wadda ba ta tilasta a gwada kowane guda ba.

Gaskiya ne wasu manyan kamfanoni ba sa buga wannan kalma, gwajinsu na gida suke yi, kuma agogunansu ba su da makusa. Amma ga mai saye a kasuwa, wadda ba ta da na'urar gwaji, kalmar nan ita ce shaidar da ta fi sauƙin dubawa.

Kada kuma babbar lamba ta ruɗe ki. Mai takardar koyon nutso ta farko iyakarta mita 18, masu nutson shaƙatawa gaba ɗaya kuwa ba sa wuce mita 40. Mita 200 ta ishe ki har da rara. Mai 600m ko 1000m ƙarin kauri ne da nauyi kawai a hannunki. Haka ɗan bututun fitar da iskar hiliyum da ke gefen wasu: na ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakin matsi a ƙarƙashin teku ne, irin masu aikin bututun mai. Kada ki biya kuɗinsa.

Mataki na uku: kunne da zobe

Kunnen agogo, wato ɗan abin nan na gefe da ake ja a saita lokaci, shi ne ƙofar da ruwa ya fi bi. A agogon nutso ɗaure shi ake yi kamar murfin gora. Sai kin warware shi sannan ya jawu, in kin gama saiti ki tura ki murɗa har ya tsaya. Ki gwada wannan a gaban mai shago. Ya shiga sumul, ba gargada, ba sai an yi masa dole ba. In ya tsaya, ya tsaya. Masu ƙara masa ƙarfi su ke cinye haƙoransa. Agogon mita 200 da aka bar kunnensa a buɗe, kwanon wanke-wanke ma ya ishe shi.

Sai zoben da ke kewaye da fuskar agogon, mai lambobi 10, 20, 30 har zuwa 60. Mata da yawa sun ɗauka ado ne. Aikinsa ƙirga mintocin da suka wuce. A jikinsa akwai alama, yawanci mai kusurwa uku da ɗigon haske a tsakiya. Lokacin da za ki shiga ruwa sai ki juya zoben har alamar ta daidaita da dogon hannun agogo. Daga nan duk sanda kika duba, lambar da dogon hannu ke nunawa a kan zoben ita ce mintocin da kika yi. Ba lissafi, ba tuna ƙarfe nawa aka fara.

Zoben na ainihi gefe ɗaya yake juyawa, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, kuma da dalili. Idan ya bugi dutse ya goce, zai nuna miki kin daɗe fiye da yadda kika daɗe, sai ki fito da wuri da sauran iska a tukunya. Da ta ɗaya gefen yake gocewa, da sai ya yi miki ƙaryar cewa da sauran lokaci. Don haka ki kama shi ki gwada juya shi ta ɗaya gefen. In ya tafi, ba na nutso ba ne. Ki saurari ƙarar, ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas a tsare, sau 60 ko 120 a zagaye ɗaya. Ki jiƙa yatsunki ki sake gwadawa, don a jiƙe za ki riƙa kama shi. Na jabu wani lokaci zoben ma a manne yake, fenti ne kawai.

Ni da ban taɓa wuce zurfin mita kaɗan ba, zoben nan ya fi yi mini aiki a tudu. Da shi nake sanin minti nawa tsallakawa ke ci idan ruwa ya cika da kuma idan ya ja baya, da shi nake auna dahuwar shinkafa, da shi nake ƙirga mintocin da ake jira bayan an yi wa yaro allura. Masu tseren jiragen da iska ke turawa suna da nasu agogon mai ƙirga minti biyar na kafin tashi, wasu kuma na nuna cikar teku da janyewarsa. A Kwara da tafkin Kainji ba ki da buƙatar ko ɗaya.

Mataki na huɗu: ki auna hannunki

Abin haushi, yawancin agogunan da ake kira na mata an rage musu aiki ne an ƙara musu ƙyalli. Alhali tun 1927 mace ce ta fara nuna wa duniya agogon da ke jure ruwa: Mercedes Gleitze, 'yar Ingila, ta yi sama da awa goma tana iyo a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da Rolex Oyster a jikinta, ta fito yana tafiya. Agogunan nutso irin na yau sun biyo baya a 1953, lokacin da Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, Rolex kuma da Submariner, Seiko na Japan ya shigo a 1965. Dukkansu da hannun maza aka auna su, shi ya sa har yau galibinsu faɗinsu milimita 40 zuwa 44.

Saboda haka ki manta da rubutun na mata ko na maza, ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya wuyan hannunki. In kin samu santimita 14 zuwa 16, kamar yawancinmu, ki nemi agogo mai faɗin milimita 30 zuwa 38. In hannunki ya fi haka, mai 40 ma zai zauna. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne tsayinsa daga ƙahon sama zuwa na ƙasa, inda maɗauri ke kamawa. Ki ɗaura, ki kalli hannunki daga sama: idan ƙahonnin sun leƙa waje sun wuce faɗin hannun, ya yi miki girma, zai riƙa juyawa yana dukan ƙashi. Ki duba kauri kuma. Agogon nutso dama yana da tudu, amma wanda ya wuce milimita 13 zai riƙa kama hannun riga da bakin hijabi, ya yi ta karo da awarwaro.

Akwai su ƙanana. Citizen na da ƙananan Promaster, Seiko na da masu cajin rana da ba su kai milimita 39 ba, Longines na da HydroConquest mai 32, Oris na da Aquis mai 36.5, Tudor ya fito da Black Bay 54 mai 37 a 2023. Waɗannan na ƙarshen kuɗinsu na sayen fili ne, na ambace su ne don ki san girman. Ga mai ƙaramin ƙarfi da jirgi da iyo kawai take so, Baby-G na Casio galibi mita 100 ne, G-Shock kuma 200, kuma suna shan wahala ba su koka ba.

Fuskar ta zama mai sauƙin karantawa: baƙa ko shuɗiya mai duhu da fararen alamomi manya, gajeren hannu da dogo kowanne da kamanninsa. Ruwan kogunanmu da damina ja ne, ba a ganin komai, fuskar da aka cika da duwatsu ba za ta karantu ba. Ki haska shi da tocilar waya na ɗan lokaci, ki sa shi cikin hijabinki ki leƙa. Hannaye biyun, da alamomin awa, da ɗigon zoben, da kan tsinken daƙiƙa, duk su yi haske.

Mataki na biyar: me ke tafiyar da shi?

Iri uku ne. Mai batir ya fi araha, ya fi riƙe lokaci, kuskurensa daƙiƙoƙi kaɗan ne a wata. Aibinsa ɗaya: duk shekara biyu ko uku sai an buɗe bayansa.

A nan agogona na uku ya mutu. Tsakanin murfin baya da jikin agogo akwai wani siririn zoben roba, kamar gaskit ɗin mota, akwai irinsa a kunne da kewayen gilashi. Duk lambobin nan, 100 ne ko 200, a kan waɗannan 'yan robobin suka dogara. Na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, ya ɓalle bayan da abin da ya samu, ya sa batir, ya mayar. Robar ta tsuke a gefe, bai gani ba, ni ma ban sani ba. Sati biyu ruwa ya cika shi. Ban ga laifinsa sosai ba, agogon bango da na yara ya saba gyarawa. Amma daga ranar, kafin in miƙa agogo sai na tambaya: “Malam, za ka canja robar? Kana da man da ake shafa mata? Kana da na'urar gwada matsi?” In amsar ta ƙarshe a'a ce, to ko ya yi aikin da kyau, agogon ya koma na alwala har sai an gwada shi a inda ake da na'urar.

Shi ya sa a ƙasarmu nake fifita mai cajin rana, irin Eco-Drive na Citizen ko Solar na Seiko. Haske ke shiga ta fuskarsa ya caja shi, in ya cika yakan yi wata shida ko fiye ko da a duhu, kuma yana shekaru masu yawa ba a buɗe shi ba. Rana kuwa ba ma rashinta. Sai dai mu masu dogon hannun riga da hijabi muna hana shi abincinsa ba mu sani ba. Ki riƙa ajiye shi kusa da taga lokaci-lokaci. In kin ga tsinken daƙiƙa ya fara tsalle bibbiyu, yunwa yake ji. Kada ki ɗora shi a gaban mota a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, dafa shi za ki yi.

Na uku shi ne mai wana kansa da motsin hannu, ba batir. Masu sha'awar agogo shi suke so. In kin ajiye shi kamar kwana biyu zai tsaya, yana ƙara ko rage daƙiƙoƙi kullum, maganaɗisun murfin jaka na iya rikita shi, mai gyaransa kuma sai an yi tafiya. In kina son sa don sha'awa, bismilla. Don aiki, ba shi zan fara nuna miki ba.

Mataki na shida: maɗauri da jiki

Fata ba ta shiri da ruwa. Mai alwala biyar a rana za ta ruɓar da ita, ga wari. Roba mai kyau ta fi dacewa da iyo da nutso. Sarƙar ƙarfe ta fi shiga taro, za ki je biki da ita ba wanda zai ce kayan masunta kika ɗauro, amma ki tabbatar makullinta mai ninki biyu ne. Mai shirin sa rigar nutso ta roba ta duba cewa maɗaurin zai ƙaru ya hau kan rigar.

Don jirgi kuwa, na fi son maɗaurin lailon mai zarcewa ta ƙarƙashin agogo, wanda ake kira NATO. 'Yan sandunan ƙarfe biyu ne ke riƙe kowane agogo da maɗaurinsa. A maɗauri na yau da kullum, ɗaya ta ɓalle agogo ya tafi ƙasan kogi, sai dai Sarkawa su tsinta. A wannan kuwa ɗayar za ta riƙe shi yana lilo. Aibinsa yana riƙe danshi, sai a riƙa wankewa ana shanyawa.

Jikin ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake rubuta wa 316L. Wadda ɗan kunnen ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi ta nemi na taitaniyum, ya fi sauƙi a hannu kuma ba ya cin fata. Ruwan gwal gogewa yake yi. Gilashin safaya yashi ba ya karce shi da sauƙi, kuma mai zama cikin ƙurar hunturu za ta ga amfaninsa. In kuɗi bai kai ba, gilashi na gama-gari ma yana yi.

Wajen saye, ki nemi kwali da katin garanti, ki duba lambar da ke bayan agogon ta yi daidai da ta katin. Rolex ko Omega da aka yi miki tayinsa a kuɗin atamfa, kin san amsar. Wanda wani ya riga ya yi amfani da shi kuma, komai kyansa, robarsa ta tsufa, sai an canja an gwada.

Mataki na bakwai: zama da shi

Zurfi ba shi ke kashe agogo a nan ba, abubuwan cikin ɗaki ne. Ruwan zafi da tururi na lalata roba, don haka mai jego ta cire shi har ta gama wankanta, haka ranar dilka da turaren jiki. Humra da turare da mai ki shafa su bushe kafin ki ɗaura. Omo da sabulu suna cinye man da ke jikin robar, kuma babu dalilin yin wanki da agogo. Ranar lalle ma a ajiye shi, maɗaurin roba mai haske in ya kama ja ba ya saki. Wajen alwala ki sassauta shi ko ki zame shi sama, ruwa ya taɓa fata.

In kin fito daga teku, ko daga lakar fadama, ki tabbatar kunne a ɗaure yake, ki ɗauraye shi da ruwa mai daɗi kina juya zoben don yashi da gishiri su fita. Kada ki ja kunne yana jiƙe, kada ki danna maɓallan gefe a cikin ruwa. Mai nutso da gaske ta kai a gwada matsinsa duk shekara. Sauranmu duk shekara biyu ko uku.

Idan kika ga hazo ya ƙi tafiya a ƙarƙashin gilashi, ruwa ya shiga. Na san shinkafa ba ta yi mana kaɗan a Kebbi ba, amma binne shi a cikin buhu ba ya fitar da ruwan da ke cikin inji, tsatsa kawai ake ba lokaci. A kai shi a buɗe a busar a ranar.

Ga masu nutso da tukunya: malamanku za su ba ku kwamfutar hannu mai lissafin zurfi da lokacin tsayawa kafin a fito. Ita ce jagora, agogo mataimaki ne, ba ya maye gurbinta kuma ba ya maye gurbin horo. Mazan da ke nutso a kabanci, wasannin ruwa na ranar bikin Argungu, da numfashinsu suke yi, tun suna yara suka saba da kogin Matan Fada. Wannan daban, tukunya daban.

Mu masu hawa jirgi kuma, tun hatsarin jirgin ruwa na Warrah a Mayun 2021 ban ƙara zama a jirgi ba rigar ceto ba, kuma ba na yarda magariba ta same ni a kan ruwa. Kafin in taka bakin jirgi nakan ɗaure rigar, in murɗa kunnen agogo in ji ya tsaya, in juya alamar zoben kan dogon hannu, sannan in miƙa wa yaron jirgi jakata.